WANDA AKA ƊAURE WA TUMBI: CINSA, ALWALARSA DA AZUMINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, cikin tambayoyin da suke shigowa akwai wata da ta fara maimaituwa, musamman daga masu fita neman magani Masar da Indiya da Turkiyya. Mutum ƙiba ta yi masa yawa, ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyi sun gaza har sujada ta koma kan kujera, sai likita ya ce a ɗaure masa tumbi. An yi, ya dawo gida. To yanzu yaya zai yi da cinsa, da tsarkinsa, da azuminsa, da kuma bakin mutane? Na ga gara in amsa a fili, domin rabin amsar ba ta majinyacin ba ce, ta iyalinsa ce da maƙwabtansa.

Malamai suna cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake, don haka mu fara da shi. Likita zai huda ciki 'yan ƙananan huji, ya shigar da wani zobe na silikon ya zagaye saman tumbi da shi. Sai ya zama akwai wata 'yar jaka a sama wadda ba ta kai girman ƙwan kaza ba, abinci ya fara tsayawa a nan kafin ya gangara ta wata ƙuntatacciyar ƙofa. Zoben yana haɗe da siririn bututu zuwa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan ake zuba ruwan gishiri da allura a ƙara matse shi, ko a zuƙe a sassauta. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Ba a yanke komai daga tumbi, ana kuma iya cire zoben. Amma gaskiya a faɗe ta, yayinsa ya ja baya, yau an fi yin tiyatar yanke wani sashe na tumbi, saboda da yawa daga masu zoben sukan koma a cire musu bayan shekaru.

Hukuncinsa fa? Ba zan daɗe a nan ba. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Sahabi Arfaja bin As'ad, da aka sare masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah ya umarce shi ya sa na zinare. Ka ga ke nan sanya wani abu a jiki don magani yana da asali. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ma, a zamanta na Putrajaya a ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta rage ƙiba ko da ta hanyar tiyata, idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince daga cutarwa. Wanda likita amintacce ya tura, babu laifi a kansa. Amma baiwar Allah lafiyayya da ta ga wata a Instagram take son ƙugunta ya koma irin nata, ta ji tsoron Allah, wannan fatawar ba tata ba ce.

Inda aikin yake shi ne bayan an dawo gida. Makonnin farko sai abu mai ruwa-ruwa: romo tatacce, madara, koko marar kauri. Daga nan abinci markaɗaɗɗe, sannan mai laushi, kusan mako 6 kafin a koma abincin gida. Ko an koma ma, ba irin komawar da ka sani ba ce. Loma ƙarama, a tauna ta har ta narke, a dakata kafin ta gaba, ɗan abin da bai cika kofin shayi ba ya ɗauke ka minti 20 ko 30. Mu kuwa Hausawa mun saba a gutsuro tuwo, a dangwali miya, a haɗiye ba tauna. Wallahi mai zobe in ya yi haka zai ji kamar an soke shi da tsinke a ƙirji, yawu ya cika masa baki, lomar ta dawo. Burodi mai laushi, sakwara, shinkafa, tsire da kilishi, su ne suka fi maƙalewa. Kuma ba a haɗa ci da sha, sai an gama da kamar rabin awa. Lemo mai gas kuwa a yi sallama da shi.

Ku lura da wani abu. Hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib da ke Tirmizi, kowa ya haddace ƙarshensa, wato raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Amma mun manta cewa wannan rabon rangwame ne ga wanda ya kasa. Ma'aunin farko da aka ambata a hadisin 'yan lomomi ne da za su riƙe wa mutum ƙashin bayansa. To mai zobe an mayar da shi ma'aunin farko ne, da so ko ba so. In ya ƙudurce niyya, sai dolen ta zame masa lada.

Sai dai zobe tumbi yake ɗaurewa, ba ya ɗaure zuciya. Duk abin da yake ruwa zai wuce ta ƙofar nan salin-alin. Fura da nono da aka narka wa sukari, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, shayi mai kauri da madarar gwangwani: mutum zai iya wuni yana kurɓarsu, ya tara abin da ya fi malmala uku, sannan ya ce likita ya cuce shi. A'a Alhaji, kai ka bi ta bayan gida ka shigo. Aya ta 31 a Suratul A'araf da ta halatta ci da sha, ita ce ta hana wuce iyaka a cikinsu duka biyun, ba a ci kaɗai ba.

Mu zo kan tsarki, don nan ne waswasi yake kama mutane. Loma ta dawo, alwala ta karye? A mazhabar Imamu Malik amai ba ya karya alwala, haka ma wajen Shafi'iyya. Hanafiyya ne suke cewa yana karyawa idan ya cika baki. Sannan a wajen malamanmu na Malikiyya aman da bai canja daga yanayin abinci ba mai tsarki ne, wanda ya canja shi ne najasa. Abin da yake dawo wa mai zobe kuwa galibi lomar da ta maƙale ce, ba ta ma gangara ba balle ta canja. Ka kurkure bakinka, ka goge rigarka, ka yi sallarka. In ya rinjaye ka a cikin sallah, ɗan kaɗan ne, bai canja ba, ba ka kuma haɗiye shi da gangan ba, sallarka tana nan. Kwanakin farko da ɗinki bai warke ba, ka yi sallah a zaune. Imrana bin Husaini ma da basur ya dame shi rangwamen da aka ba shi ke nan, yana cikin Bukhari.

Azumi kuma, ka saurara da kyau. Wanda yake kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ba zai iya kwankwaɗar moɗa biyu da asuba ya ajiye ba, ga shi ana son ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. Shi ya sa likitocin fannin da yawa suke hana azumi a watannin farko, balle mai ciwon suga da ake ta sauya masa ma'aunin magani yayin da nauyinsa yake sauka. Idan likitanka ya ce ka sha, ka sha. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki, kuma wanda ya nace har ya faɗi ƙasa a zafin bazara bai fi ka taƙawa ba. Amma kada ka yi saurin cewa za ka ciyar shi ke nan. Ciyarwa ta wanda ba a sa ran zai iya ba ce har abada. Kai ana sa ran za ka iya, don haka ramuwa ce a kanka, ka jira lokacin sanyi ka biya.

Idan an ba ka izinin yi, buɗa baki da 'yan kurɓin ruwa ma sunna ne, hadisin Anas ya ambace shi bayan dabino. Busasshen dabino a jiƙa shi tukuna. Kada ka afka wa ƙosai da yunwar yini guda. Ka tafi tarawihi da gorar ruwa a gefenka. Zoben yakan fi matsewa da sassafe, don haka sahur ya zama mai laushi kuma a fara shi da wuri, ba ana kiran assalatu kana tura loma ba. In amai ya rinjaye ka bayan alfijir babu ramuwa, matuƙar wani abu bai koma ba bayan ya iso baki. In kai ka janyo shi da yatsa, ka rama. Allurar matse zobe ba ta karya azumi, ruwanta a cikin bututu yake tsayawa, ba ya shiga tumbi. Sai dai sukan ba ka ruwa ka sha a gwada wucewarsa, don haka ka roƙa a sa maka ita kafin Ramadan ko bayansa.

Yanzu gare ku, iyali da abokai. Hajiya, in maigida ya dawo da kwano kusan yadda kika kai, ba girkin abokiyar zamanki ya fi so ba, wurin zubawar ne babu. Mai walima, ka daina "ci mana, ko ka raina ne?" A hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim an wajabta wa wanda aka gayyata ya amsa, amma ci an bar masa zaɓi. Akwai waɗanda suka daina zuwa ɗaurin aure da suna saboda wannan matsin, zumunci ya yanke a kan lomar shinkafa. Ku kuma 'yan majalisa, jiya kuna ce masa buhu, yau ya rame kun koma raɗa, wai ko ƙanjamau ne, ko matarsa ce ta yi masa sammu. Wannan ƙazafi ne a kan mutum biyu lokaci guda. Da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi bin Mas'ud, Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Kuma ba dole ba ne ya gaya muku abin da aka yi masa, sirrinsa ne.

Abu ɗaya da ba ya jiran fatawa: idan ruwa ma ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi da kumburi a wurin maɓallin, to zoben yana iya zamewa ko ya ci bangon tumbi. Kada a tsaya jiƙa rubutu ana ɗura masa, a yi masa addu'a a cikin mota ana hanyar asibiti. Wanda kuma yake shirin tafiya waje a yi masa, ya fara tabbatar da likitan da zai riƙa duba zoben a nan gida kafin ya sayi tikiti.

Wallahu A'alam.