Majalisar da ta daina gardama, yabonta ba ya ratsa zuciya

A watan Agustan 1950, wani malamin makaranta daga Bauci ya miƙe a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna, ya faɗi abin da manya ba su so ji ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Ya nemi a binciki yadda ake tafiyar da mulkin En'e, ya koka da cin hanci da yadda ake danne talaka, a lokacin da Bature ke riƙe da ƙasa, sarakuna kuma ke riƙe da kotu da gidan yari da 'yan doka. Mutum ne mai sanyin hali, kuma daga baya da jam'iyyar da sarakunan suka fi yarda da ita ya tafi. Amma ya san abin da ya kawo shi zauren. Maganar ba ta tafi a iska ba, domin binciken da aka yi da gyare-gyaren da suka biyo baya sun kai ga dokar En'e ta 1954.

Zauren Lugard, mazaunin majalisar Arewa ta da, yana nan, Majalisar Jihar Kaduna ce ke zama a cikinsa yanzu, kuma kowace jiha ta gina nata. Gini dai ya yawaita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai miƙewa ya ce, "Mai girma Shugaban Majalisa, ban yarda ba, ga kuma dalilina."

Tsarin mulkin 1999 bai rage wa majalisun jihohi komai ba. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke tantance kwamishinoni, gabansu ake kai rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, kuma suna da ikon kiran jami'i su titsiye shi a kan abin da aka kashe. An ce su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Har an yarje musu, ban da Turanci, su yi muhawara da harshen mutanen jiharsu, don kada ƙarancin boko ya zama hujjar yin shiru. To ina amfanin makami a hannun mai tsoron ɗaga shi? A 2010, da aka kawo gyaran tsarin mulki da zai ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu ba tare da sun je maula gidan gwamnati ba, ba a samu jihohi 24 da ake buƙata ba. Wato an miƙa wa ɗaurarre mabuɗi ya ce a mayar wa mai gadi. Sai a 2018 aka sa hannu a kan wannan gyara, aiwatar da shi ma ya zama wani jan aiki, har da yajin aikin ma'aikatan majalisu.

A dubi Kano, mai kujera 40, iyakar abin da doka ta yarda wata majalisar jiha ta samu. A watan Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki, majalisa ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Gwamna Ganduje ya sa hannu. Kotu ta rushe dokar a watan Nuwamba, aka sake yin wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke ta, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. Ba ina nan ne don in ce wane ke da gaskiya a rikicin sarauta ba, wannan Kanawa sun fi ni sanin zafinsa. Abin da ke damuna shi ne saurin. Masarautar da ta haura shekara dubu, a raba ta a haɗe ta kamar ana kasa tumatur a Yankaba, kowane lokaci kuma daidai da abin da mai gidan gwamnati ke so. Ina zaman jin ra'ayin jama'a na haƙiƙa? Ina dagatai da malamai da 'yan kasuwa da za a ce sun zo sun faɗi albarkacin bakinsu? Da ana yi wa albashin malaman firamare irin wannan hanzari, da tuni mun wuce wurin.

Kada a ɗauka rigima nake wa kirari. A Jamhuriya ta Biyu majalisar Kaduna ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa har ta tsige shi a watan Yunin 1981, kuma jihar ce ta sha wahala. A Bauci a 2019 mutum 11 cikin 31 ne suka yi sammako suka zaɓi shugaban majalisa. Wannan duk kokawar kujera ce. Gardamar da nake nufi ita ce ta takarda da lissafi: nawa aka ware wa asibitin ƙauye bara, nawa aka saki, wa ya karɓi kwangilar, me ya sa rufin ke yoyo.

Daga nan ne ma yabo ya lalace. Karrama wanda ya yi wa al'umma hidima aikin majalisa ne, kuma aiki ne mai kyau, yabon gwani ya zama dole. Sai dai bakin da bai taɓa cewa a'a ba, me na'am ɗinsa zai daɗa wa wani? Yau abin da muka fi ji shi ne ƙudurin jinjina wa gwamna don ya biya albashi, kamar daga aljihunsa ya ciro, da ƙudurin nuna cikakken goyon baya ga wanda aka zaɓe su don su sa wa ido. Ƙungiyoyin da ba a san ofishinsu ba kuma suna yawo da allunan lambar yabo, kowane Honarabul ya zama gwarzon shekara. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa ai dole ya yi masa aski.

Alhali waɗanda suka cancanci a miƙe tsaye dominsu suna nan cikin mazaɓu. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa, mafi yawansu Kirista, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi. Labarinsa ya fita duniya, na wasu kuwa bai wuce unguwarsu ba: ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, masu haƙar kabari da ba su da albashi, matasan da suke yashe magudanan ruwa kafin damina, malamin da ya shekara talatin a makarantar da babu benci.

Ranka ya daɗe, kai da ke wakiltar mazaɓarmu, ka san sunayensu, don gidajensu ka bi lokacin neman ƙuri'a. Ka kawo su zauren a karanta aikinsu cikin kundin majalisa da Hausar da za su fahimta. In an gama tafi kuma, kada ka bari su tafi da takardar yabo kawai. Ka nemi a kira kwamishinan lafiya ya zo da takardun kuɗin da aka ware wa ɗakin shan maganin garin ungozomar nan, a karanta su layi-layi tana zaune tana ji.