Ido, Wa Ka Raina?

Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani yau da gobe. To, ko daidai ne mutum ya raina wuri don ya saba da shi? Aikin wani mutumin ƙasar Holan zai taimake mu amsa.

Sunansa Rembrandt, an haife shi cikin 1606, ya mutu cikin 1669. Yakan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, ya yi zane a kai da tsinin allura, ya tsoma cikin wani ruwa mai cin ƙarfe. Inda allura ta kankare kakin, nan kaɗai ruwan yake ci. Sa'an nan a wanke, a cusa tawada cikin tsagogin, a goge sama, a matse da takarda, sai zane ya fito.

Cikin 1643 ya zana itatuwa uku bisa wani ɗan tudu. Ya aje su a dama, ya cunkusa zane a gindinsu har wurin ya yi duhu. Daga hagu ya ja dogayen layuka a karkace, watau hadari ke nan. Can nesa ya sassauta hannu, gari ya fito ɗan mitsitsi. Sararin sama ya ci fiye da rabin takardar, wani wurin ma ya bar shi fari fat, domin farar takarda ita ce haskensa. Ka ga ba fadar sarki ya zana ba, karkara ce wadda mutanen ƙasarsa ke wucewa kullum. Gwanintarsa daga dubawa ta fara, kafin hannu.

Mu fa? Cikin 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin Kano, aka buga cikin littafinsa. Abin da baƙo ya ga ya isa zanawa, 'yan gari sun daɗe suna takawa ba su ɗaga kai. Ganuwar nan da Sarki Gijimasu ya soma, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, yau ta zaizaye a wurare da yawa, an cike kududdufai an yi gini.

Wani zai ce, ai kallo ba ya cika ciki. Gaskiya ne. Amma abin da ido ya raina, hannu ba ya gyara shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka bi ta Ƙofar Ɗan Agundi da la'asar, dakata kaɗan. Duba ina inuwa ta faɗi, mene ne kusa, mene ne nesa, me ya rage na magabata. Yadda ka koyi karanta baƙi bayan ka girma, haka ake koyon karanta ƙasa. Allah ya buɗe idanunmu, amin.