Mudu Biyu Da Zan Auna Ɗan Takarar Majalisa Da Su

'Yan uwana mazauna Sabo.

Kwanakin baya, bayan mun idar da sallar La'asar, wani yaro mai sayar da kayan waya ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce mini, "Malam, don Allah wa za mu yi a Majalisar Wakilai? Duk wanda kuka ce, shi za mu dangwala wa." Na ce masa ni ba na kiran sunan ɗan takara a masallaci, domin mai tsintsiya da mai lema duk sahu ɗaya suke tsayawa a bayana. Ya yi dariya ya tafi. Amma maganar ta bi ni shago, ta bi ni gida. Yaron nan bai tambaye ni yadda ake gane mutumin kirki ba, suna kawai yake so a miƙa masa. Kuma ban ga laifinsa ba, mu manya muka saba musu da haka. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya kamata in faɗa masa a ranar.

Mu fara da sanin kujerar da ake nema. Majalisar Wakilai ta Tarayya tana da mutum 360, Majalisar Dattawa kuma 109, kowa shekara 4 yake yi kafin a sake zaɓe. Aikin ɗan majalisa shi ne yin doka, da duba kasafin kuɗin ƙasa kafin a amince da shi, da bin diddigin ma'aikatun gwamnati a ga ko sun kashe kuɗin inda aka ce. Wato dai mutum ne da muka aika ya zauna mana inda ake rabon dukiyar ƙasa, inda mu ba za mu iya zuwa ba. To, ɗan aike ai mun san shi a kasuwa. Me muke dubawa kafin mu aiki mutum da dukiyarmu?

Unguwar nan tun 1916 aka kafa ta, kuma ba da takarda aka gina ta ba. Bafatake zai taso da shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya a kan cewa kuɗi za su fito. Huhun goro kuma ya kama hanyar Kano ko Sakkwato a hannun wanda ba ɗanka ba, ba ƙanenka ba, ka kwanta ka yi barci. Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne amana. Wanda ya ci kuɗin baƙo sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa kowane zango, ba mai ƙara sauka gidansa. Ni shekarata sama da 30 ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya ba mutum kaya bashi don kawai garinsu ɗaya ba. Sai an tambaya: ya yake da biya? Wa ya taɓa hulɗa da shi? Abin mamaki, mu da muke wannan bincike a kan ƙwaryar goro, in an zo maganar wanda zai riƙe mana shekara 4, sai mu ce a faɗa mana suna kawai.

Saboda haka mudu na farko shi ne amana. A Islamiyya an karantar da mu ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, inda ɗiyar dattijon nan ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki saboda abu biyu da ta gani a tare da shi, ƙarfi da riƙon amana. Mun kuma san labarin Abu Zarri, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya nuna masa cewa mulki amana ce mai nauyi, shi kuma yana da rauni. Abu Zarri fa, wanda ba mai shakkar tsoron Allahnsa. Ke nan yawan sallah kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da iya aikin. Ni kuma a fahimtata ƙuri'a shaida ce. In ka dangwala wa mutum, ka shaida ke nan cewa ya cancanta. Shaidar zur kuwa kowa ya san tana cikin manyan zunubai.

Wani zai ce, Malam, amana ai a zuci take, ya za mu gan ta? Wallahi ana ganin ta, kamar yadda muke ganin ta a kasuwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɗan takara ba daga sama ya faɗo ba. Ko ya taɓa yin kansila, ko ciyaman, ko shugaban ƙungiya, ko yana da kamfani. A je a tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko yana biyan su haƙƙinsu. A duba dukiyar da yake watsawa, sana'arsa ta kai ta haifar da ita? A saurari bakinsa kuma: wanda duk abin da aka roƙa sai ya ce "an gama", ku ji tsoronsa. Mai niyyar biya shi ne yake tsayawa ciniki, wanda ba ya da niyyar biya ko nawa ka yi masa kuɗi zai ce ya saya.

Kada a ce irin wannan mutum babu shi a siyasar ƙasar nan. Malam Aminu Kano ɗan Majalisar Wakilai ne, an zaɓe shi a 1959, daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon. Ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan kowa na iya zuwa ya gani. Ko waɗanda suka yi adawa da NEPU da PRP ba su ce ya tara dukiya ba. Har yau 'yan siyasa na rububin jingina kansu da sunansa, don sun san abin da sunan yake nufi a wurin talaka.

Mudu na biyu shi ne kusanci da jama'a. A nan ne aka fi yi mana wayo, don kusanci iri biyu ne. Akwai na hoto: a zo da jerin motoci, a sa babbar riga da hula, a ce "sannu, sannu" da Hausar da aka haddace a mota, a ajiye buhunan shinkafa, a tafi. Akwai kuma na zama a saurara. A wani zaɓe da ya wuce na ga duka biyun a mako guda. Na farko ko minti 20 bai yi ba. Na biyu ya zo da mutum uku kacal, ya zauna a benci kusan awa biyu. Wani dattijo ya kawo masa kukan kwatar bayan layinsu, sai ya ce, "Baba, wannan aikin ƙaramar hukuma ne, in na ce zan yi na yi maka ƙarya. Amma zan rubuta musu, in kawo maka kwafin takardar." Wasu suka fita suna cewa wannan ba ya da hannu. Ni kuwa a raina na ce yau na ga wanda ya ɗauke mu mutane.

Me ya sa nake ganin sauraro wajibi ne a kan wakili? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da bai taɓa zama da direbobinmu ba, ina zai san yawan shingayen da ake tare motar tumatir da albasa a hanya ana karɓar kuɗi? Ina zai san wahalar da yaran da aka haifa a nan suke sha wajen neman takardar shaidar asali, nan a ce musu baƙi ne, can gida a ce ba a san su ba? Ba zai faɗi abin da bai ji ba. Sayyidina Umar da kansa yake zaga Madina da dare don ya ji halin da mutane suke ciki, bai tsaya jiran rahoton fadawa ba. Tsarin mulkin da muke bi, wanda muka fara a 1979, daga Amurka aka kwaikwayo shi. A can 'yan majalisar wakilai 435 ne, kuma duk shekara 2 suke komawa gaban masu zaɓe, shi ya sa da yawansu kan kira taron jama'a a mazaɓunsu, a yi musu tambaya ido da ido. Mun ɗauko ginin, mun bar wannan ɗabi'a.

Mudun nan biyu ba a raba su. Mai amana da ba ya zuwa wurin mutane zai je Abuja ya yi gaskiyarsa shi kaɗai, kukanmu bai kai kunnensa ba. Mai shiga jama'a da ba ya da amana kuwa ya fi haɗari, domin ya san sunan kowa, ya san farashin kowa.

Yanzu bari in taɓa maganganun da na san za a yi mini a bakin shago.

Na ɗaya, "Mu dai namu muke so, ko Bahaushe ko Musulmi." Jama'a, mu duba inda muke zaune. A nan yawancin masu takara Yarabawa ne, wani Musulmi, wani Kirista. In muka ce addini ko yare ne mudunmu, to mun ba maƙwabtanmu izinin su auna mu da shi, kuma sun fi mu yawa. Ku tuna Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, da goyon bayan Inyamurai. Su ba su ce sai nasu ba. Kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, rayuka da dukiyar da aka yi asara ta kowane ɓangare, ya san abin da muke buƙata a ranar tashin hankali shi ne mai adalci da zai ɗaga waya ya tsaya a kan gaskiya, ko da wane yare yake yi.

Na biyu, "Malam, talauci ne. In an ba mu, mu karɓa." Ba zan zagi gwauruwar da ta karɓi mudun shinkafa don 'ya'yanta su ci ba, ni ma na san yunwa. Amma mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. In an ba ka naira 5,000 a kan shekara 4, kwana 1,460 ke nan, bai kai naira 4 a rana ba. Ko ruwan leda ba za ta saya maka ba. Shi kuma wanda ya saya, jari ya zuba, sai ya mayar da uwar kuɗi da riba, daga kuɗin asibitinka da makarantar ɗanka. Dokar zaɓe ta hana, addini ya tsine wa mai ba da rashawa da mai karɓa. Masu cewa a ci kuɗinsu a zaɓi wani kuma, su tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ka yi masa alkawari ka saɓa, ka ci amana, in ka cika, ka sayar da shaida. Mafita ita ce kada a karɓa.

Na uku, "Duk kanwar ja ce, kuma ƙuri'ar ma ba a ƙirgawa." A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, sama da mutum miliyan 93 ne suke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. Wanda ya zauna a gida bai hukunta kowa ba, sauƙi ya yi wa mai sayen ƙuri'a, don yawan waɗanda zai saya ya ragu. Gyara bayan zaɓe kuma yana da wuya ƙwarai. Sashe na 69 na tsarin mulki ya ba da damar kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a kan Sanata Dino Melaye, a 2018 maganar ta mutu tun a wurin tantance sa hannu. Ke nan ranar zaɓe ce ranar da muke da ƙarfi.

Sai kuma namu laifin, don ba na so in auna wani da mudun da ban auna kaina da shi ba. Mu ne fa muke cika ƙofar ɗan majalisa da katin suna da na biki, da kuɗin haya, da neman kujerar Makka. Albashinsa ba zai ɗauki wannan ba, to ina muke so ya samo? Wanda yake son wakili mai amana, ya rage masa irin wannan roƙo, ya riƙa tambayarsa me ya faɗa a zauren majalisa, ina aikin mazaɓar da aka sa a kasafi. Mu limamai da masu unguwa kuma mu ji tsoron Allah, mu daina shiga ɗaki da 'yan takara muna cewa "mutanena suna hannuna". Mutane ba huhun goro ba ne. Na biyu, da yawanmu mun shekara 20 a nan, amma katin zaɓenmu na Katsina ne ko Zamfara. Ranar zaɓe ba mu je can ba, nan kuma ba mu da rumfa. Hukumar INEC tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune duk lokacin da aka buɗe rajista. Ɗan siyasa rajistar rumfa yake dubawa, ba ruwansa da cikar masallacin Juma'a.

Shawarata ga dattawan unguwa ita ce a kira duk masu takara, ɗaya bayan ɗaya, a fili, ba a masallaci ba. A ce kada wanda ya zo da buhu ko ambulan. A ba mata da samari dama su yi tambaya. A sa yaranmu masu ilimi su rubuta abin da kowa ya faɗa, a ajiye, a kuma nemi alkawarin zai dawo ya zauna da mu ko sau biyu ne a shekara. Wanda ya ƙi zuwa, ya riga ya ba mu amsa.

Kai kuma ɗana mai kayan waya, ga amsarka. Ni wanda zan mara wa baya shi ne wanda na bincika na samu bai ci haƙƙin na ƙasa da shi ba, kuma ya zauna ya saurare mu tun ba ya da tabbacin ƙuri'armu. Sunansa kuwa, kai ma ka je ka bincika kamar yadda kake bincikar wanda zai kawo maka kaya daga Legas. In binciken naka ya kai ka ga wani daban da nawa, ba komai, gobe ma sahu ɗaya za mu tsaya.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.