Ku Da Ke Zaune Kusa Da Fada, Ku Auna Maganarku

Jama'ar Garki, da ku nake, masu zama a bencin mai shayi a Area 1, da 'yan kasuwar Garki, da direbobi da masinjojin da ke jiran oga ya fito daga ofis, da samarin da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Garki ƙauye ran Asabar, da iyayenmu mata masu zaurukan WhatsApp na biki da adashi.

Ba zan ce ku daina musu ba. Duk wanda ya ce Bahaushe ya bar hira da gardama ya nemi abin da ba zai samu ba, kuma da zai samu ma ba alheri ba ne. A majalisa kakanninmu suka koyi siyasa tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, mai faci da mai yankan farce suke sanin sunan shugaban ƙasar da wani mai digiri sai ya duba taswira kafin ya gano inda take. Wannan abin alfahari ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, musun mutumin Garki ba ɗaya yake da na kowa ba, kuma da yawanmu ba mu lura da haka ba.

Ku dubi inda muke zaune. Hedkwatar tsaro tana Area 7. Gidan rediyon tarayya yana Area 10. Hedkwatar NTA da ofishin ministan Abuja suna Area 11, tsohuwar sakatariyar tarayya kuma tana Area 1. Saboda haka idan ɗanmu da ke gadi ko tuƙi a Garki ya tura saƙon murya zuwa Funtuwa ko Gumel ko Maraɗi, ba a ɗaukarsa a matsayin hirar shayi. Cewa ake yi, "Ai wane da ke Abuja ne ya faɗa." Daga nan an rufe bincike. Shi kuwa wane, bawan Allah, a bakin wani direba ya ji, direban kuma a TikTok ya gani. Zama kusa da fada bai sa mutum ya san sirrin fada ba, amma mutanen gida ba su san haka ba, kuma mu ma daɗin girman da ake ba mu yana hana mu faɗa musu. Wannan girman amana ce, kuma muna cin ta kullum ba tare da mun ji komai ba.

Da can majalisa tana da masu tsaronta. Akwai dattijon da in an zarce zai yi gyaran murya kowa ya shiga taitayinsa. Akwai kunyar ido, domin wanda kake zagin garinsu yana zaune a gabanka, gobe kuma shi za ka roƙa rancen kuɗin mota. Sannan in an tashi, maganar ta tashi tare da ku. Waya ta kwashe waɗannan duka. Babu dattijo, babu ido, kuma maganar ba ta mutuwa. Magabata da suka ce magana zarar bunu ce, ba su ma ga zamanin da zara ɗaya za ta kai jihohi goma kafin la'asar ba.

Masu shekaru a cikinku za su tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Cikin dare saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane suka riƙa tashin iyayensu daga barci ta waya. Aka kwantar da mutane da dama a asibiti, har aka samu waɗanda suka rasa rayukansu, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, ba ta taɓa shigowa Abuja ko Arewa ba. Yawancin waɗanda suka tura wannan saƙo ba da mugun nufi suka yi ba. Ƙauna ce ta sa aka tura, kuma wannan shi ne abin tsoron: mafi yawan labaran ƙanzon kuregen da ke yawo a tsakaninmu, mutanen kirki ne ke ɗauke da su.

Akwai kuma kishiyar wannan cuta ta saurin yarda, wato ƙaryata gaskiya don ta saɓa wa ɓangaren da mutum yake goyon baya. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin ƙasan da ya tashi daga tashar Idu zuwa Kaduna hari. Wata matashiyar likita da ke cikin jirgin ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Wasu suka yi mata ba'a, suka ce ƙarya take yi don ɓata sunan gwamnati. Ta rasu. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: mutum yana zubar da jini, yana roƙon addu'a, wani yana kwance a ɗakinsa yana auna maganar da ma'aunin jam'iyya. Mai saurin yarda da mai saurin ƙaryatawa ciwonsu ɗaya, dukansu sun yanke hukunci kafin su bincika. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurati a kan wannan ta yi magana, kuma kusan kowa a cikinmu ya taɓa jin tafsirinta da azumi. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna, ta haɗa bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba, "na gani da idona" ya daina zama hujja in dai a fuskar waya ka gani.

Sai batun da na fi son mu daɗe a kansa, wato yadda muke taɓa al'adu da addinan juna. Garki ba Kano ba ce, ba Sakkwato ba ce. Kafin Janar Murtala Muhammed ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, kafin Janar Babangida ya dawo da gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, akwai mutane a nan, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu da sarautarsu. Gbagyi ne masu wurin, kuma har yau fadar Sarkin Garki tana nan a tsakiyar ƙauyen da gine-gine suka yi wa ƙawanya. Su aka tasa, su aka karɓe wa gonaki don a gina titunan da muke alfahari da su. To ina dacewar mutum ya zo daga nesa, ya kama haya a gidan Bagbagyi, ya sha ruwan rijiyarsa, sannan da yamma ya zauna a ƙofar gidan yana ba da labaran raha da ke mai da shi wawa? Za a ce wasa ne. Ai mun san wasa. Akwai barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa. Amma wasan nan yana da ƙa'ida: ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kowa yana da damar ramawa, kuma ba a kai shi ga abin da mutum yake bauta wa ko ga mutuncin uwarsa. In mutum ɗaya ne ke dariya ɗayan yana haɗiye fushi, sunan abin cin fuska.

Haka yake tsakaninmu da maƙwabcinmu Ibo mai shagon kayan gyara, da Bayarbiya mai sayar da abinci, da ɗan Tibi ko Idoma da muke aiki ofis ɗaya. Yadda ranka ke ɓaci in an kira duk mai hula da jamfa ɗan ta'adda, ko aka ɗauka kowane ɗan Arewa jahili ne, haka ransa ke ɓaci in ka yi wa ƙabilarsa kuɗin goro da laifin mutum ɗaya.

Wanda yake ganin na cika tsoro, ya tambayi waɗanda suke garin nan a watan Nuwamban 2002. Ana cikin azumi, ana shirin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, sai wata marubuciya a jaridar ThisDay ta rubuta jimlar da ta taɓa martabar Manzon Allah (SAW). Laifi ne babba, kuma jaridar ta nemi afuwa. Amma abin da ya biyo baya fa? Fiye da mutum 200 suka mutu a Kaduna, Musulmi da Kirista, akasarinsu talakawan da ko jaridar ba su taɓa riƙewa ba. Ranar Juma'a 22 ga watan tarzomar ta iso Abuja, aka ƙona motoci a tsakiyar birni. Gasar aka kwashe ta zuwa Landan, aka yi abinta lafiya ƙalau, mu aka bari da jana'iza. Darasin ya hau kan kowa: mai alƙalami ya san abin da ba a wasa da shi, mai fushi kuma ya san cewa maƙwabcinsa ba shi ya yi rubutun ba. A wancan lokacin takarda ce, sai an saya an karanta. Yau kowane yaro da ke da datar naira ɗari biyu gidan jarida ne.

Siyasar duniya kuwa, nan ne kowa ke zama farfesa. Da sojoji suka kifar da shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, a nan Abuja shugabannin Ecowas suka zauna suka ba da wa'adin mako ɗaya, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Damuwarmu a lokacin tana kan hanya, domin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, dangi ne na jini, kuma muryar jama'a da ta malamai da sarakuna ta taimaka wajen kauce wa yaƙi. Wannan musu ne mai amfani. Amma daga nan sai wasu suka mai da Rasha uwa, Faransa da Amurka kuma shaiɗanu, kamar akwai babbar ƙasar da ke raba alheri fisabilillahi. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 aka ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasunsu a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, duniya ta ga yadda wasu suka yanke jiki suka faɗi don galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Hukuma ta sha suka a kan tsare yaran, kuma ta cancanci sukar. Amma ina manyan da suka yi ta zuga su ta waya? 

Ƙwallo ba zan tsawaita a kanta ba. Ku yi Arsenal ɗinku, ku yi Barcelona da Madrid, ku tsokani juna, nishaɗi ne. Sai dai ku tuna kashegarin harin jirgin nan, 29 ga Maris 2022, lokacin da ake neman waɗanda aka sace a daji, mu a Abuja filin wasa na Moshood Abiola muka farfasa don an tashi ɗaya da ɗaya da Ghana mun rasa gurbin gasar cin kofin duniya, har FIFA ta ci tarar ƙasar. Wanda ya ƙaurace wa abokinsa saboda Messi da Ronaldo, ya sani su biyun ba su san da zamansa a duniya ba.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Malamin Madina ke nan, wanda mazhabarsa muke bi. Mu kuwa a zama ɗaya mutum zai warware rikicin Gaza, ya bayyana yadda ake sarrafa farashin dala, ya ba da fatawa a kan allurar rigakafi, ya kuma tsara wa kocin Super Eagles 'yan wasa, ba tare da ya ce "ban sani ba" ko sau ɗaya. Ina roƙonku, mu dawo da wannan kalma cikin majalisunmu. In an turo maka abu, tambayi wanda ya turo a ina ya samu. In bidiyo ne, nemi sanin yaushe aka ɗauka kuma a wace ƙasa, domin sau da yawa tsohon hoton wata ƙasa ake liƙa wa sunan garinku. In 'yan gida suka kira suna tambayar abin da ake ciki a Abuja, ka rarrabe musu abin da ka gani da abin da ka ji. Masu kula da zaurukan WhatsApp, ku ne dattawan majalisar yanzu, ku goge abin da ya kamata a goge ko da na yayanku ne. Limamanmu da fastocin maƙwabtanmu, ku riƙa taɓo wannan a kan mumbari, ba sai wuta ta tashi ba.

Sannan a rage wa nesa zafi a kawo shi kusa. Babban birnin tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu, sai ƙananan hukumomi shida, kuma Garki mazaɓa ce a cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja (AMAC), tana da kansilanta. A majalisar da aka san sunan ministan tsaron Isra'ila da mai tsaron ragar Chelsea, a gwada tambayar sunan wannan kansilan, da ranar da aka taɓa zuwa wurinsa a kan kwatar da ta toshe, ko bolar da ta cika, ko ajin firamaren da yara ke zaune a ƙasa. In aka rasa mai amsa, to a ɗage zancen Rasha da Yukren zuwa gobe, a naɗa mutum uku daga cikin masu bakin nan su je ofishinsa ran Litinin.