Ruwan Kwakwa: Ina Haramcin Ya Faɗa?

A ƙasar Kafanchan, Kagoro da Kwoi, masu tatsar kwakwar manja da tukurwa kan huda itace su rataya gora, ruwa mai zaƙi ya yi ta ɗiga. Cikin 'yan sa'o'i ƙwayoyin yis da ke iska da jikin gorar su cinye sukarin, ruwan ya zama bammi. Malaman Musulunci sun haramta shan sa, cocin ECWA, wadda ta gaji mishan ɗin SIM a 1954, ita ma tana hana mabiyanta barasa. Daga nan mutane da yawa suka ɗauki sana'ar kanta a matsayin ƙazanta. A ganina hukuncin yana kan maye ne, bai hau kan itacen ko ruwan da Allah Ya zuba a cikinsa ba.

Hujja ta farko daga fiƙihu take. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ruwan har kwana uku, kafin ya soma bugarwa. Malikawa kuma sun halatta giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal. Ashe hukunci yana bin dalilinsa ne, in dalilin ya gushe shi ma ya gushe. Hujja ta biyu aikin hannu ce. A lardin Kwebek na Kanada, inda ake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin bishiyar mapul a duniya, sai an dafa kimanin lita 40 ta ruwa kafin a sami lita 1, domin sukarinsa kusan kashi 2 ne kacal. Sukarin da ke cikin ruwan kwakwa sabon tatsa ya ninka haka sau da yawa, kuma a Indunusiya da Kambodiya manoma na dafa ruwan dangin giginya ya zama sukari, kamar yadda ake dafa ruwan rake a Makarfi ya zama mazarƙwaila.

Wani zai ce toshe ƙofar ɓarna wajibi ne, tunda yawancin abin da aka tatsa mashaya yake tafiya. Gaskiya ne wanda ya tatsa domin maye ya ɗauki alhaki, amma shari'a ba ta hana noman inabi ba, haka nan ba wanda ya ce a daina shuka dawa saboda burkutu. Wani kuma zai ce ruwan yakan fara tsami tun yana kan itace. Wannan matsalar tsafta da lokaci ce: a Asiya ana shafa farar ƙasa cikin tukunya don rage saurin tsamin, a sauke da asuba a ɗora kan wuta. Saboda haka mai wa'azin da ya tsaya kan hani kaɗai bai gama aikinsa ba. Matatsi na da iyali, kuma halaliyar hanya na nan cikin gorar da yake ratayawa, sai dai a nuna masa ita.