Yaron da Ke Zuga Wuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a Batsari ko Safana ya ga yaro zaune yana zuga, gumi na zuba, guduma kuwa tana hannun wani. Tambayarmu ita ce: shekarun da yaron nan yake yi a bakin zugazugi, tarbiyya ce ko zalunci?

Bari mu nemi amsa wajen masu sana'ar gilashi. Tun wajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Almasihu, mutanen yankin Siriya suka gano cewa in an ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu aka hura, yakan kumbura ya zama kwalba. A ƙasarmu kuma akwai Masaga na Bida, waɗanda S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942. A dā sukan haɗa yashi da kanwa su dafa gilashinsu. Daga baya suka koma narka fasassun kwalabe, suna naɗa su a sandar ƙarfe, suna fitar da ƙarau da duwatsun wuya.

Babu mai fara wannan aiki da riƙe sanda. Mai koyo yakan fara da ɗauko itace da zuga. Ana ganin kamar bauta ce, amma a nan idonsa yake koyon launin wuta, har ya san lokacin da gilashi ya nuna. Wutar takan wuce digiri 1,000, ba ta kuwa jiran mai shakka. Bayan haka sai ya shekara yana kwaikwayon maigidansa, kafin hannunsa ya sami 'yancin ƙaga nasa fasali. Ko an gama ƙira ma, dole a bar ta ta huce sannu a hankali, gama gilashin da ya huce da gaggawa yakan tsage.

Saboda haka jiran ba zalunci ba ne, muddin yana da iyaka. Amma akwai maigidan da ke riƙe yaro a bakin wuta har ya yi gemu, yana ɓoye asirin aikin don tsoron kada a fi shi. Mahukuntan Venis sun mai da murhunan gilashi tsibirin Murano a 1291, daga baya suka hana gwanaye fita da iliminsu. Duk da haka ilimin ya fita, domin ba a ɗaure sani da igiya.

Wannan ya shafe mu ƙwarai a ƙasar Ruma, inda rashin tsaro ya raba samari da yawa da gonakinsu. Saurayin da ya tabbata cewa wata rana za a miƙa masa sanda zai jure wa hayaƙi. Wanda ya fid da rai kuwa, masu kuɗin gaggawa suna nan suna kiransa.

Ku samari, ku yi haƙuri da zuga. Ku iyayen gida, maƙera, teloli da kafintoci, ku sa wa almajiranku ranar yaye, ku kuma cika alkawari.