Jikin Inna za ka duba, ba kuɗin tikiti ba

Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka yi niyyar kai mahaifiyarka Umara. Amma tikitin nan da ka yanka mata bai kwanta mini ba, kuma ba zan rufe ka ba.

Ka ce mini ai daga Kano zuwa Jidda awa biyar ce. Gaskiyarka, idan jirgi ya miƙe kai tsaye, don tsakaninsu kimanin kilomita 3,400 ne. Ko wannan ma ya sauya tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru. To kai kuma ba ma na kai tsayen ka saya ba. Na Alƙahira ka ɗauka saboda ya fi sauƙin kuɗi. Kano zuwa Alƙahira awa huɗu da wani abu, daga can zuwa Jidda kamar awa biyu, a tsakani kuwa ga zaman jira na kusan kwana guda a filin jirgi. Araha ba ta ado, ɗana.

Ka san ƙafafun Inna. Zaman tabarma na awa ɗaya ma sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Ita za ka ajiye a kan kujerar ƙarfe cikin sanyin na'ura, ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, tana neman wurin alwala, maganin hawan jininta kuma yana cikin jakar da aka riga aka auna aka shigar? Haba.

Lissafin agogon ma ka yi shi a gurguje. Lokacin sauka da ke jikin tikiti na ƙasar da za a sauka ne, Saudiyya kuwa tana gabanmu da awa biyu. Sannan Jidda ba Makka ba ce. Akwai layin duba fasfo, akwai jiran kaya, ga mota ta fiye da awa guda, kuma tana isa ɗawafi da sa'ayi na jiranta. Tafiyar tsoho daga ƙofar gida ake ƙirga ta har zuwa inda zai kwantar da haƙarƙari.

Kada ka kawo mini zancen kakanninmu da suka bi ta Abeche da Al-Fashir har Sawakin a ƙafa. Su ba su da wata hanya, kuma da yawansu a Sudan suka zauna ba su dawo ba.

Gobe ka koma wurin wanda ya yanka maka tikitin, ka nemi na kai tsaye, ko wanda jiransa bai wuce awa uku ba. Ka ce a rubuta mata keken marasa lafiya tun yanzu, maganinta ya zauna a jakar hannu. Abin da ya ƙaru a kuɗin, ka zo ka same ni bayan la'asar mu raba.